Kotun Disko a Zauren Babana

Jama'ar wannan shafi, barkanku da war haka. Ku gyara zama, don abin da ya faru a gidanmu makon jiya ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki ni kaɗai.

Sunana Hafiza, ni ce auta a gidan Alhaji Sha'ibu mai hatsi na Gidan Rumji. Ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, yara na ce mani Madam. Shekaruna ashirin da shida, kuma ban yi aure ba. Wannan na ƙarshen shi ne babban labari a danginmu, ya fi zancen damina, ya fi zancen farashin gero.

Bari in fara da Baba. In kun gan shi da farin gemunsa, carbi a hannu, kullum a sahun gaba a masallaci, ba za ku taɓa cewa mutumin nan ya san wani abu wai shi disko ba. Ni ma da nake 'yarsa ban sani ba sai bara, da yayana ya aiko masa da babbar waya daga Yamai. Ya miƙo mani ita kamar wanda aka ba garwashi, ya ce, "Auta, ki tara mani Ɗan Azumi da Tala na Agiye da sauran mutanena wuri guda cikin abin ga. An ce ana yin haka."

Na buɗe masu gurup, a zatona zancen buhuna za su riƙa yi. Saƙon murya na farko da ya shigo na Baba Ɗan Azumi ne, tsohon direban babbar mota, abokin Baba tun suna samari. Na danna. Sai muka ji tsoho yana rera waƙa da wani Turanci wanda ko Baturen da ya yi ta ba zai gane shi ba, yana buga ƙofar mota a madadin ganga. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin kwanon fura.

Inna tana tankaɗe a bakin madafa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To, kin tono mana su."

Ashe a zamaninsu, in sun sayar da gyaɗa, sai su hau mota su tafi Maraɗi wajen rawa. Baba Tala ya sako wani hoto a gurup ɗin: wani siririn saurayi da tulin gashi kamar ƙwarya a kife, wando matsattse a cinya mai faɗi a ƙasa, takalmi mai tudu, riga a buɗe har ƙirji. Na daɗe ina kallo kafin na gane hancin. A ƙasan hoton aka biyo da saƙo: "Ga Sha'ibu Roba nan." Roba fa. Babana. Wai don in yana rawa ba a gane inda ƙashinsa yake.

Abin da ya fi ba ni dariya, ba wanda ya san ainihin sunan waƙa ko ɗaya a cikinsu. Su suka raɗa masu suna da abin da kunnensu ya ji. Akwai Mai Usur, wadda ake buɗewa da busa usur kafin ganga ta faɗo. Akwai Dogon Numfashi, inda wata mata ke jan murya har ka ji tsoron kar ta shiɗe. Akwai Ɗan Kwaɗo, akwai Tafi Biyu, akwai Mai Goge wadda ke farawa a sanyaye kamar ba za ta yi komai ba. Tun da aka buɗe gurup ɗin musu ɗaya ake yi: wacce ce ta ɗaya? Baba ya ce Mai Usur. Baba Ɗan Azumi ya ce Dogon Numfashi. Ni ce mai danna masu saƙonni, ni ce mai riƙe wa Baba waya in zai mayar da martani, don shi in ya danna sai ya saki kafin ya gama magana.

Yanzu ku ajiye wannan a gefe, mu koma kaina.

Mutum biyu sun zo neman aurena, Baba ya sallame su. Na farko wai ya gaishe shi da baƙin tabarau a fuska. Na biyu wai dariyarsa ta yi yawa. Ni kam ban yi baƙin ciki ba, don ba wanda ya kwanta mani a cikinsu, amma Inna ta kai maƙura. Duk bikin da ta je sai ta dawo da fuska a ɗaure.

"Yau ma an tambaye ni ke," ta ce ranar nan, tana cire mayafi. "Na rasa mi zan ce ma mutane. Ƙawarki Habsatu goyo na uku take yi."

"Inna, ai Baba ne ke korar su."

"Babanki ba tabarau ya gani ba, ba dariya ya ji ba. Tsoro yake ki tahi gidan ga ya yi shiru. Wa zai danna mashi waya? Wa zai zauna ya ji tatsuniyarshi ta Maraɗi? Ki kawo wanda zai kasa samun abin cewa a kanshi, in ba haka ba ni zan sa baki, kuma ba za ki ji daɗi ba."

Abin da Inna ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta yi kamar ba ta sani ba, shi ne akwai wani.

Sunansa Ridwanu. Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Sae Sabuwa, ma'aikacin lafiyar dabbobi. Ya zo yi wa ragunan Baba allura, babban ragon ya ture shi ya faɗa cikin kwatarniyar dusa, ni kuma na kasa riƙe dariya. Ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce, "Madam, in kin gama, ki taimake ni da ruwa." Daga ranar nake ce masa Likitan Awaki. Dogo ne, ba ya da yawan magana, Hausarsa tana da wani ɗan lanƙwasa a ƙarshe da ke sa ko faɗa yake yi ka ji kamar lallashi. Wata bakwai muna magana a waya. Ya ce yana son ya turo manyansa, ni kuma ina ta ja masa rai, don na san halin Baba.

Sai ga dama ta zo da kanta. Tsofaffin suka gaji da musu a waya, suka yanke cewa ranar Asabar bayan la'asar za a haɗu a zaurenmu, a saka waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi zaɓinsa, a rufe maganar har abada. Baba ya ciro tsohuwar rediyonsa mai kaset daga ƙarƙashin gado, na saya mata sabbin pil, wato batir, amma muryarta ta zama kamar ta sauro a cikin tulu.

"Wannan ba ta kai ma kunnen Tala," Baba ya ce cikin damuwa.

Na yi kamar ina tunani. "Baba, ai mai allurar dabbobin nan yana da lasifika, wadda yake shela da ita a ƙauyuka. In aka kara ta a bakin rediyon..."

"Yaron da rago ya kayar? Ki kira shi."

Ina shiga ɗaki na faɗa kan katifa na fara rubutu.

"Likita, Allah ya kawo mu. Asabar za ka zo gidanmu da lasifikarka."

"Lafiya? Ragon ne?"

"Ba rago ba ne, disko ne."

Sai ya rubuto: "Madam, wace cuta ce wannan?"

Na kwashe labari na ba shi. Na tura masa waƙoƙin da na ɗauka daga rediyon Baba, na ce ya saurara har su zauna masa. "Abu ɗaya nake so ka riƙe. In aka tambaye ka, ko ba a tambaye ka ba ka samu hanya, ka ce Mai Usur ce ta ɗaya. Maimaita."

"Mai Usur ce ta ɗaya."

"Kar ka zo da tabarau. Kar ka yi dariya da yawa."

"To in yi kuka?"

"Ka yi murmushi, rabi."

Ranar Asabar tun da hantsi na share zaure, na jera buhunan gero a jikin bango don masu ciwon baya su jingina, na shimfiɗa tabarmi da babbar darduma. Inna ta soya wainar gero, aka aiko da kilishi daga kasuwa, gawayin shayi na ci a bakin ƙofa. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda ban taɓa sawa ba tun ƙaramar salla, da hijabi ruwan toka, na ɗan zizara kwalli. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Duk don tsofaffin ga ne?"

"Baƙi ne ai, Inna."

"Uhm," ta ce, ta juya wainarta.

Suka fara isowa. Baba Ɗan Azumi da sandarsa, Baba Tala ya sauko daga taksin Agiye da wata jakar kaset da ya ɗaure da igiyar roba, da wasu tsofaffi da ban san su ba sai a murya. Ridwanu ya zo a kan babur, cikin shadda ruwan ƙasa da guga ya kwanta mata, ya kawo ƙwaryar kindirmo a naɗe da tsumma mai tsabta. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa fuskar Baba. Ba abin da na karanta, amma dai bai ɗaure ta ba.

Ni aka ba wuri a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, waya a hannu, don waɗanda ba su samu zuwa ba, irin su wani tsohon jandarma, jami'in tsaro da ya yi ritaya a Gazawa, su ma su turo zaɓinsu. Inna tana bayan labule, wai tana jiran a nemi ƙarin waina.

Aka fara da Ɗan Kwaɗo. Ridwanu ya kara lasifika a bakin rediyo, sai zauren ya cika da wani gurnani mai daɗi. Kawuna suka fara kaɗawa.

"Wagga ta masu ƙiba ce," in ji Baba Tala. "Ba ta son gaggawa. Ni na ba ta ta uku."

"Ta huɗu," Baba Ɗan Azumi ya ce. "Ba ta da mace a ciki. Waƙar da ba muryar mace ai tuwo ne ba miya."

Tafi Biyu ta zo, duk suka tafa tare a daidai wurin, ba wanda ya kuskure, mutanen da wasunsu ba sa tuna inda suka ajiye hularsu. Wani tsoho ya share ido ya ce ita aka saka ranar da ya fara ganin marigayiya matarsa. Aka yi mata addu'a, aka ba waƙar matsayi mai kyau don darajarta.

Da aka saka Mai Goge ba a daɗe a kanta ba. Baba ya ce, "Wuce da ita, ta masu barci ce," aka wuce. Na lura Ridwanu ya ɗan runtse ido da ta fara, amma ban kawo komai a raina ba.

Sannan aka zo kan manyan biyu. Usur na tashi, Baba ya miƙe zaune, kafaɗarsa ta dama ta fara motsi ita kaɗai, kamar ba da izininsa ba.

"Ku ji nan," ya ce, yana ɗaga yatsa. "Usur ɗin ga kira ne. Ko kana bakin ƙofa kana cinikin tsire, in ka ji shi sai ka bar canjinka ka shigo. Wace waƙa ce ke tada mutum tun ba a fara ta ba?"

"Usur ko ɗan sanda na da shi," Baba Ɗan Azumi ya ce. "Sa mana tawa, yaro."

Matar ta ja muryarta, ta ja, ta ja. Baba Ɗan Azumi ya ɗaga sandarsa sama yana bin ta, ya riƙe numfashi tare da ita, har tari ya sarƙe shi aka miƙa masa ruwa. Yana farfaɗowa ya ce, "Kun gani? Shekara arba'in ina gwadawa ban taɓa kai ta ba. Wannan ita ce waƙa."

"Waƙar da ke neman kashe mai sonta," in ji Baba.

Aka yi ta yi. Aka tuno wanda wandonsa ya yage a tsakiyar fili, da wanda ya sayar da akuyar uwarsa ya sayi takalmi mai tudu. Na saka saƙonnin na nesa, tsohon jandarman ya yi dogon jawabi kamar yana gaban alƙali sannan ya zaɓi Dogon Numfashi. Da aka tattara, sai aka yi kunnen doki. Rabi na Baba, rabi na Baba Ɗan Azumi.

Baba Tala ya dubi Ridwanu, wanda ke durƙushe riƙe da lasifika tun ɗazu. "To ga yaro nan, kunnenshi sabo ne, bai san kowa ba. Shi ya raba mu."

Murna ta kama ni. Na ce a raina, Hafiza, kin iya shiri. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabi don kar a ga haƙorana.

Baba ya gyara zama. "Yaro, hwaɗi gaskiyarka. Wacce ce ta ɗaya?"

Ridwanu ya ajiye lasifikar a hankali. Ya dubi tabarma, ya dubi Baba.

"Baba, tunda gaskiya kuka ce. An koya mani amsa kafin in zo. An ce in ce Mai Usur."

Sai duk kawunan suka juyo bakin ƙofa, inda nake. Masu karatu, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Baba Ɗan Azumi ya fara wata dariya ƙasa-ƙasa, yana bubbuga sandarsa.

"Wa ya koya maka?" Baba ya tambaya, alhali idonsa na kaina.

"Wanda ke so in samu shiga wurinku ne, Baba. Ba da mugun nufi ba. Mai Usur tana da daɗi, amma in na ce ita ce tawa na fara da ƙarya a gidan da nake son in daɗe ina shigowa."

Baba Tala ya ce, "Oho. Ashe ba lasifika kaɗai ya kawo ba."

Baba bai yi dariya ba, amma gemunsa ya ɗan motsa. "To wacce ce taka?"

"Wadda kuka wuce. Mai Goge."

"Ta masu barci?"

"Ni da ita aka yi renona. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa ya ɗauke ni. In muna kiwo da yamma, shanu sun kwanta, sai ya riƙa busa ta da baki. Ban san waƙar Turawa ba ce, na zaci tasa ce, sai da aka turo mani ita a waya kwanan nan. Ya ce ya koye ta a Maraɗi, shekarar da fari ya cinye masu dabbobi ya shiga birni gadi."

Kofin shayin da ke hannun Baba ya tsaya a hanya.

"Mi sunan baffan naka?"

"Bappa Jaye."

"Jaye na Sae Sabuwa? Dogo, mai tsagar goshi?"

"Shi ne, Baba."

Baba Ɗan Azumi ya saki sanda ya riƙe ciki. "Zalɓe. Wallahi ɗan Jaye Zalɓe ne. Ku dubi ƙafafun, ai ga su nan."

A daidai nan muka ji ƙarar tire ya faɗi a bayan labule, kofuna suka tarwatse. Na leƙa. Inna ce durƙushe tana tsince su da sauri, ta ce mani, "Santsi ne," alhali ƙasar a bushe take ƙamas.

Baba Ɗan Azumi bai jira an tambaye shi ba. Ya ce Jaye mai gadin ƙofar gidan rawar ne a lokacin, ba ya shiga, sai dai ya tsaya yana kallo ta taga. Ranar wata babbar gasa, Baba ya kayar da kowa da Mai Usur, har an fara ɗaga hannunsa, sai aka saka Mai Goge don a huta. Kawai sai ga mai gadi ya ajiye sandarsa ya shigo fili da takalmin roba.

"Ba mu taɓa ganin irin ta ba," ya ce. "Kamar iska na kaɗa karan dawa. Mutane sunka hau kan kujeru. Aka ɗauke kyautar daga gaban Roba aka ba Zalɓe. Kuma ba kyautar kaɗai ba ce ta kusa tahiya a ranar..."

"Ɗan Azumi," Baba ya katse shi, "shayinka na hucewa."

Aka kira magariba, taro ya watse ba a raba gardama ba. Ridwanu ya naɗe wayar lasifikarsa, ya durƙusa yin sallama. Ni ina maƙale a bayan ƙofa ina leƙe.

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Ka san ɗiyata ce auta?"

"Na sani, Baba."

"Na ji kana da gaskiya. Gaskiyar taka ba ta yi mani daɗi ba, amma na ji ta. Ka hwaɗa ma Jaye, in yana da magana a gidan ga, kar ya turo kowa. Ya zo da ƙafafunshi. Akwai abin da ba mu gama ba ni da shi."

Kafin babur ɗinsa ya kai kwalta na tura masa saƙo. "Ka kashe ni. Abu ɗaya na ce ka faɗa."

Da ya isa ya amsa: "Na yi murmushi rabi, kamar yadda kika ce."

"Kar ka yi mani wasa. Me ke tsakanin Bappanka da Babana?"

"Ban sani ba. Na faɗa masa saƙon, ya yi ta dariya har ya zauna a kan turmi. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya."

"Me?"

"Ya ce, wace ce Alhaji ya aura?"

Na ajiye wayar na nufi madafa. Inna na kwashe tuwo. Na zauna kusa da ita ina miƙa mata kwanoni, na ce cikin sanyin murya, "Inna, kin san wani Jaye?"

"Miƙo marar can."

"Inna."

"Yaron dai yana da kunya, kuma kindirmonshi mai kyau ne. Ki kai ma babanki tuwo kar ya huce."

Na ɗauki tuwon na kai wa Baba. Amma da na dawo ɗaukar miya, na same ta tana goge murfin tukunya, tana ɗan rera wata waƙa a maƙogwaro, a sanyaye. Na tsaya. Na san sautin, na Mai Goge ne. Tana ganina ta mayar da shi tari.

Washegari da safe muna tsakar gida. Baba na kan kujerarsa yana shan kunu, yana shafa man zafi a gwiwa, wai sanyi ne, ni kuwa na ji motsi a ɗakinsa bayan sallar asuba wanda bai yi kama da lazimi ba. Inna na tsintar shinkafa a faifai. Baba ya miƙo mani waya ba tare da ya dube ni ba.

"Ki karɓi lambar Jaye wurin mai koyon amsa, ki sa shi cikin mutanenmu."

Na saka shi. Ko kunun Baba bai ƙare ba saƙon murya ya shigo daga sabuwar lamba.

"Danna," in ji Baba.

Na danna. Aka fara jin kukan maraƙi da iska, sannan wata murya mai zurfi, mai irin lanƙwasar Ridwanu.

"Salamu alaikum mutanen kirki. Jam tan, muna lafiya. Sha'ibu Roba, ashe kana nan. Na ji saƙonka, kuma Juma'a mai zuwa in Allah ya yarda zan zo neman wa ɗana aure, da ƙafafuna kamar yadda ka ce, suna nan ba su manta komai ba. Amma na ji an ce kun yi zaɓe kun yi kunnen doki. Ai ba ku tambayi kowa da kowa ba. Akwai wadda ta tsaya a bakin taga ranar nan da tiren gyaɗarta, ta ga rawarka ta ga tawa. Ita ce alƙali. Halima, in kina ji na, ki gaya masu wacce ce ta ɗaya."

Saƙon ya ƙare. Halima dai sunan Inna ne. Nan take wayar ta fara ƙara, Baba Ɗan Azumi, Baba Tala, jandarman Gazawa, kowa na turo nasa. Ban danna ko ɗaya ba.

Baba ya ajiye kofin kunu. Bai dubi wayar ba, Inna yake kallo. Tun da nake ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, kamar yaron da ke jiran a kira sakamakon jarrabawa.

"Ba sai kin amsa mashi ba," ya ce. "Zancen tsofaffi ne."

Inna ta ture faifan shinkafa gefe. Ta karkaɗe hannu, ta goge shi da gefen zane, ta gyara ɗaurin kallabinta kamar wadda za a ɗauka hoto. Matar da tun da aka buɗe gurup ɗin nan ba ta taɓa taɓa wayar ba.

Ta miƙo mani hannu.

"Auta, kawo nan. Ina ne ake dannawa in za a yi magana?"